Wasiyyar Malam Ƙasimu

Wata bakwai ke nan da rasuwar Ridwan a hatsarin mota a hanyar Gaya. Matarsa Hidaya tana shagon ƙofar gida tana yi wa wata mata markaɗen wake, sai ga ƙanin mijin nata, Garzali, da wani baƙo mai ƙaton tumbi suna auna bangon gidan da taku. Baƙon har da leƙo kai cikin shagon, wai nan za a fasa a fitar da ɗakunan haya biyu na 'yan jami'a.

Ta kashe injin. "Garzali, lafiya ake auna gida, mai gidan yana kwance a ciki?"

"Lafiya lau, Anti. Dubawa kawai yake yi," in ji shi, yana sosa ƙeya.

Gidan na surukinta ne, Malam Ƙasimu, tsohon dillalin shanu, a Sabon Garin Wudil. Wata biyu ke nan ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ɗaki ɗaya Hidaya take da shi a gidan, ita da 'ya'yanta mata biyu, Mas'uda da Fatsuma, kuma injin nan shi ne cinsu, shi ne suturarsu, shi ne makarantarsu. Iyayenta sun daɗe da rasuwa a Utai. In aka ce ta fita, ba ta san inda za ta dosa ba.

Ita a zatonta, in ta Allah ta kasance, yaran za su tsaya a madadin ubansu wurin rabon gado. Amma awon nan ya tsaya mata a rai. Washegari ta yafa mayafi ta tafi wurin Malam Nu'uman, tsohon magatakardan kotu, wanda duk unguwa ke kai wa tambaya don ba ya karɓar ko sisi, kuma bai iya tauna magana ba.

"'Yata, wanda ya riga ubansa mutuwa ba shi da gado," in ji shi. "'Ya'yansa ma ba su da shi, muddin tsohon ya bar ɗa namiji a raye. Garzali da ƙannensa ne za su raba."

"Ko bulo ɗaya, Malam?"

"Ko ƙusa."

Ta zauna daɓas a dakalin ƙofar gidansa.

"Ƙofa ɗaya ce ta rage," ya ci gaba. "Wasiyya. Tunda jikokin ba magada ba ne, yana iya bar musu abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa ba, kuma shagon da ɗakinku ba su kai haka ba. Amma fa da bakinsa, yana cikin hayyacinsa, a gaban shaidu maza biyu. In ya rufe ido bai faɗa ba, babu alƙalin da zai iya yi miki komai."

A bakin Malam Nu'uman abin da sauƙi. Shekara goma sha biyar Hidaya tana gidan nan, maganarta da surukinta ba ta taɓa wuce "Baba, ina kwana" ba, shi ma tana durƙushe daga bayan labule. In suka yi kiciɓis a zaure, bango take juya wa fuska har ya wuce. Yau ita ce za ta shiga ɗakinsa ta ce masa ya shirya, mutuwa ta matso?

Ta fara da Gwaggo Auta, ƙanwar tsohon. Ko gama bayani ba ta yi ba matar ta dafe ƙirji.

"A'uzubillahi! Mutuwa kike kira wa ɗan'uwana saboda shago? Ke da muke yabo da kunya?"

Ta koma kan Garzali. Shi kuwa dariya ya yi. "Haba Anti, 'ya'yan Yaya ai namu ne. Wa zai kore ku?" Garzali ba mugu ba ne, a yi masa adalci. Amma mutum mai 'ya'ya shida a gidan haya, wanda tuni ya kawo mai saye, alkawarinsa ba ya wuce leɓe.

Kwanaki suka riƙa tafiya. Tsohon ya daina cin tuwo, ya koma koko, kokon ma cokali uku. Ran Laraba liman ya zo duba shi da la'asar, bai gane shi ba. Hidaya tana ji daga tsakar gida. Ranar sau biyu tana zuba tattasai a kan gero, mata suka yi ta mita. Tsoro take ji, tsoro sosai, kuma tana jin haushin kanta da take lissafin numfashin mutumin da bai taɓa yi mata ko kallon banza ba.

Ta lura da safe ne hankalinsa ya fi dawowa. Ran Juma'a, da mazan gidan suka fice kasuwa, ta je ta durƙusa wa Malam Nu'uman da maƙwabcinsu Ɗantani mai kifi, ta roƙe su don Allah su biyo ta. Ta cire takalmi a ƙofar ɗakin, ta ɗaga labulen da ba ta taɓa ɗagawa ba, ta shiga.

Tsohon ya gan ta, ya juya fuska bango.

"Baba, ka yafe mini," ta ce, tana durƙusawa. "Wallahi ba haka aka tarbiyyantar da ni ba. Amma an ce mini marayun nan ba su da komai a gidan nan sai abin da ka faɗa da bakinka. An riga an kawo mai saye, Baba. Ba ni da uba, ba ni da gidan da zan kai su. In ka yi shiru, titi za mu koma."

Ɗantani ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin.

Can tsohon ya nisa. "Na sani, 'yar nan. Kullum sai in ce gobe."

Malam Nu'uman ya matso da takarda. Ya tambaye shi yau wace rana ce, ya ce Juma'a. Ya tambaye shi su wa ke gabansa, ya faɗa daidai.

"To bismillah, Malam Ƙasimu. Muna jinka."

"Shagon nan da ɗakin da ke bayansa, na bar wa 'ya'yan yaron nan."

"Wane yaron? Maza huɗu ka haifa."

"Mas'uda da Fatsuma nake nufi."

"Fatsuma uku gare ka a jikoki, duk sunan marigayiya matarka suka ci. Gobe alƙali zai tambaye ni 'ya'yan wa, kuma ba zan rantse a kan abin da kunnena bai ji ba. Faɗi sunan ubansu."

Tsohon ya rufe ido. Ridwan ɗan farinsa ne. Shekara arba'in da ɗaya tun ranar da aka raɗa sunan, bakinsa bai taɓa furta shi ba, don a al'adar mutanen da, ba a kiran sunan ɗan fari. Ko ranar da aka kawo gawar, "ku shigo da yaron" kawai ya ce.

Daidai nan Garzali ya ɗaga labule, ya dawo ɗaukar wani abu da ya manta lokacin da ya zo gaida tsohon. Ya ga takarda, ya ga shaidu, ya ga Hidaya a durƙushe. "Me ake yi haka? Baba ba shi da lafiya fa!"

Numfashin tsohon yana ta sama-sama. Hidaya ta zuba wa leɓɓansa ido, tana jin kamar ta buɗe su da hannunta.

"Baba," ta ce a hankali, "don Allah."

Leɓɓan suka motsa, ba abin da ya fito. Suka sake motsawa.

"Ridwan," in ji shi. "'Ya'yan Ridwan. Shagon da ɗakin nasu ne. Ku shaida."

"Mun shaida," in ji Malam Nu'uman da Ɗantani. Aka dangwala masa yatsa a tawada, aka ɗora a takardar. Garzali ya zame ya zauna a bakin ƙofa.

An naɗe takarda, shaidu sun miƙe za su fita, amma tsohon bai yi shiru ba. Fuskarsa na kallon bango, hawaye na gangarowa cikin gemunsa, yana ta maimaitawa ƙasa-ƙasa.

"Ridwan. Ridwan. Ɗana Ridwan."