Shekarun Gershon

Da safe na kunna kwamfuta na saki gwaje-gwaje kamar kullum, ina cin ƙosai. Duk suka fito kore, alamar komai daidai, sai guda ɗaya ya fito ja, wato ya faɗi.

Manhajar wani asibiti a Manchok muke yi, ni da Oga Jason, a shagon da ya kama kusa da tashar jirgin Kafanchan. Mutumin nan dokarsa ɗaya ce, ko sama za ta faɗo: in akwai ja ko ɗaya, aiki ba ya fita. Ranar kuwa asibiti na jira.

Na buɗe in gani. Ɗan guntun kod ne, wato umarnin da muke rubuta wa kwamfuta, mai lissafa shekarun majiyyaci daga ranar haihuwarsa. Bara na rubuta masa gwajin, kuma don ƙiwa ban ƙirƙiro mutum ba. Ƙanena Gershon na sa, da ranar haihuwarsa ta gaskiya, na ce amsa ta zama ashirin da huɗu. Yanzu kwamfuta ta ce ashirin da biyar.

Gershon ya mutu da damina, a kan babur, a hanyar Kagoma. Ni ban ma tuna yau ce ranar haihuwarsa ba. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, shiru. Na ci gaba da tauna ƙosai.

Oga Jason ya leƙo ta kafaɗata.

"Damaris, ke da kanki? Kin bar gwaji yana bin kwanan watan yau? Goge shi, ki sake rubutawa, ki kafe kwanan wata wuri ɗaya."

Sai idonsa ya kai kan sunan. Ya sosa ƙeya.

"Ko in yi miki?"

"Bari, Oga."

Gaskiyarsa ce, ba na musu, gyaran ma bai kai a tashi daga kujera ba. Amma a gida Mama ta rabar da kayansa. Ragowar babur an sayar wa 'yan gwangwan. Lambar wayarsa wata mata ce ke ɗauka yanzu. Nan kaɗai ya rage inda ake ƙirga masa shekaru, kuma ba na so a daina.

Na goge huɗu na sa biyar. Na sake sakin gwajin. Kore.

Oga Jason ya daɗe yana kallon allon.

"Wannan ba gyara ba ne," ya ce a hankali. "Baɗi war haka zai sake faɗuwa."

"Na sani, Oga. In ya faɗi a kira ni."