Zoben Ja, Zoben Ruwan Ƙasa

A teburin haɗa kayan lantarki, Fergal ya sake miƙo wa Frau Kienzle ɗan abin a bakin hantsaki, ya tambaye ta sunansa da Jamusanci. Ta ce masa Widerstand ne, kamar jiya, kamar shekaranjiya, mai rage ƙarfin wuta. Na waya kuma Drahtwiderstand. Ya maimaita da harshensa na mutanen Ailan, kalmar ta fito a karye.

Ita fa ba ta yarda da shi ba. Injiniya guda, mai gemu har da furfura, a ce sati biyu ya kasa riƙe kalma ɗaya? Kuma kullum bayan sunan sai ya zarce da tambayar launin zobban da ke jikin abin, waɗanda da su ake gane ƙarfinsa. Tun bara idonta ya fara haɗa ja da ruwan ƙasa, sai dai ta saci jiki ta auna a mita in ba mai kallo. Ranar da Herr Dengler, mai wurin, ya sani, ta bar teburin nan ke nan.

Ta tabbata Dengler ne ya dasa mata shi. Ba ga shi jiya ta gan su suna ƙus-ƙus wajen injin kofi ba? Don haka duk sanda ya tambaya, takan amsa nan take, da ƙarfi, ko da kintace take yi, ko ƙifta ido ba ta yi.

Yau dai ta gaji. Da aka fita hutun safe ta tare shi, yana cin burodinsa da tsiran alade.

"Herr Fergal, in aiko ka aka yi, je ka faɗa masa. Ka daina yi mini jarrabawa."

Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Wace jarrabawa? Frau Kienzle, tun haihuwa ba na bambanta ja da ruwan ƙasa. Jamusancin nan fakewa ce. Abin da kika ce shi nake liƙawa a jikin allunan lantarkin. Don Allah ki rufa mini asiri."

Tausayinsa ya kama ta, tsoro ya biyo baya. Ta juya wajen kantar da ake jera aikin da aka gama. Allunan da ya liƙa na injin ɗumama jarirai ne, kuma kantar wayam take, an kwashe su tun Litinin.

Ta goge hannu a rigar aikinta, ta nufi matakalar ofishin Dengler.