Mai Koren Mayafi

"Kashe, Magini. Kashe yanzu," in ji Tela daga kan gado.

Rimot ɗin talabijin yana hannuna. 'Yarsa ce ta ba ni da za ta fita sayen magani. Ta ce, "Baba, ka iya ai?" Na ce ta tafi abinta. Ban iya ba. Na danna wani wuri, ƙara ta ƙaru.

Tela maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Matarsa tana cikin jirgin ruwan da ya nutse shekarun baya. Shi ya raka ta bakin ruwa. Ba a ga gawarta ba. Da aka yi fim a kan abin, ya saya. Kullum da yamma yakan kunna, ya kalli fasinjoji suna hawa. Akwai wata mai koren mayafi da ke wucewa da jaka. Sai ya ce, "Ga ta nan." Ya san 'yar wasa ce. Da jirgi ya bar gaɓa sai ya kashe. Bai taɓa wuce nan ba.

Yanzu ciwo ya kashe masa hannu, ga jirgi ya yi nisa.

Na sake dannawa, wani rubutu ya fito. Soket yana bayan kabad, ban iya jan kabad ɗin ba. Sai na tsaya gaban talabijin, na baza rigata.

"Ina jin su ai," ya ce. "Matsa, ƙaton banza. Tunda ka ɓata, bari in gani."

Na matsa. Muka kalla. Ruwa ya shiga, mutane suna ta hawa kan juna, fitilu suka mutu. Bai ƙifta ido ba. Ni ban ji komai ba sai ciwon gwiwa.

Da aka gama ya ce, "Ba su sake nuna ta ba."

"Ƙila ta sauka kafin a tashi."

Ya dube ni. "Ashe kai ma ka iya ƙarya."

Ya rufe ido. Bai sake cewa a kunna ba. Bai kai ƙarshen mako ba.

Bayan jana'iza na shiga shagonsa. Wandona yana kan keken ɗinkinsa, an ɗinke ƙafa ɗaya, allura tana tsaye a cikin ɗayar. Na bar shi a nan, na ja ƙofa.