Kwalbata a Firijin Ma'aikata

Ni ba mai neman magana ba ce, amma in magana ta biyo ni har gindin kekena, ba na aika a ce mata ba na nan.

Kayan makaranta muke ɗinkawa a wurin aikinmu, mu goma sha huɗu a dogon ɗaki guda, keke na bin keke. Can ƙarshe, kusa da teburin guga, akwai wani tsohon firij da sai ka tokare ƙofarsa da gwiwa take rufuwa. Kowa ruwan sha da ragowar abinci yake sawa a ciki. Ni kuwa abincin 'yata nake sawa. Watanta huɗu, tana wuni wajen surukata, kuma madarar gwangwani ba ta karɓe ta ba. Sau biyu muka gwada, sau biyu ta yi ta amai, jikinta ya feso da ƙuraje. Saboda haka kullum da hantsi, da kuma bayan azahar, nakan shiga sito in tatsa nono a kwalba, in ƙulle a leda in tura ƙuryar firij. Da shi take wuni washegari. In babu firijin nan, sai dai in zaɓa, ko aikin ko yarinyar.

Sai firij ya fara wari. Wari fa ba na wasa ba, in an buɗe ƙofar har mai keken ɗinkin da ke can ta bakin titi sai ya toshe hanci. Aka shiga ƙus-ƙus. Ba wanda ya tare ni da maganar, amma duk sanda na tashi da ledata sai idanu su raka ni su dawo da ni.

Ranar Talata Manaja ya fito daga ofishinsa, hannu cikin aljihu, ya ce nan wurin sana'a ne ba ɗakin mai jego ba. Wai akwai abin da bai kamata wasu su riƙa ajiyewa inda mutane ke sa ruwan sha ba. Ya riga ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa, ƙarfe biyar za su zo su kwashe shi kowa ya huta.

Wasu! Ni kaɗai ce mai shayarwa a wurin, sauran daga maza sai matan da autansu ya kusa aure. Kunya ta rufe ni, har kunnuwana suka yi zafi. Can sai wani abu ya taso mini daga ciki ya danne kunyar. Na kashe keke na miƙe, na ce a ba ni zuwa biyar ɗin. In na wanke shi warin bai fita ba, ni da kaina zan kama musu su ɗora a mota. Ya yi wata dariya ta hanci, ya tuna mini riguna arba'in na jirana. Na ce su ma su jira.

Filogi na fara zarewa daga soket, don ba zan haɗa ruwa da lantarki in bar 'yata marainiya a kan firijin wani ba. Inna mai guga, dattijuwar da ta girme mu duka, ta jingine dutsenta ta taho tana mita, wai ni da taurin kai kamar uwar mijinta, amma ita ta fara kwaso kaya. Abin da muka fitar sai wanda ya gani. Akwai rabin lemo da ya ƙandare, akwai wata robar miya da ta tsiro gemu, aka yi ta cigiya ba wanda ya yarda tasa ce. Kwalbata ta safe na sa a kular Inna.

Ƙanƙara ta cika saman firijin har ƙaramar ƙofar ba ta rufuwa. Mai Yanka, wanda ke yanka mana yadi, ya taso da ƙaton almakashinsa wai zai sassaƙe mini ita yanzun nan. Na sha gabansa. Na ce bututun gas na kwance a ƙarƙashin ƙanƙarar nan, huda ɗaya ya yi ya gama wa Manaja aikinsa. Haka yayana ya kashe firijin mahaifiyarmu da wuƙar yanka albasa, har yau in an tuna masa sai ya canza hira. Kwanon ruwan zafi na sa a ciki, na shimfiɗa tsummoki a ƙasa, muka bar ta tana zubowa da kanta. Inna ta kawo ruwan bilic na wankin farin kaya, mai kauri, na ce inda abinci ke kwana sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi sun isa. Gilasan kantocinsa na jingine sai da sanyinsu ya fita kafin in wanke, kada su tsage. Robar bakin ƙofa kuwa da tsohon buroshin haƙori na bi ta lungu-lungu.

Wajen ƙarfe uku firij ya yi fes, na goge shi ya bushe. Na sa kai ciki na shaƙa. Warin na nan daram.

Wallahi gabana ya faɗi. Kekuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, ta gilashin ofis ina hango Manaja yana duba agogo. Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne sai da na buɗe kular Inna, na kwance kwalbata na shinshina. Sun sa ni kaina na fara zargin abin da ke fita daga jikina.

Inna ta fizge kwalbar ta rufe. "Ke, shiga hankalinki. Takwas na shayar, ban taɓa jin nono ya yi warin mushe ba."

Ina durƙushe a gaban firijin ne na lura da wani ɗan rami a bangon baya, can ƙasa, inda ruwan wankina ya riƙa gangarawa yana ɓacewa. To ina yake zuwa? Ƙasa dai a bushe take. Na ce Mai Yanka ya ajiye almakashi ya zo ya yi abin arziki, muka jawo firijin daga bango. Ƙurar yadi da zare sun lulluɓe ƙarafan baya kamar bargo, ba mamaki yake nishi in yana aiki. A ƙasa, bisa kan injin, ga wani ɗan farantin roba da ban taɓa sanin ana yin firij da shi ba. Na zaro shi a hankali. Mai Yanka ya ruga waje hannu a baki.

Ruwa ne ja-ja baƙi-baƙi, ya yi kauri, ɗumin injin ya daɗe yana dafa shi. Jinin nama ne. Mutum guda ne a wurin nan ke biyowa ta mahauta da safe sau biyu a mako, ya jefa ɗanyen nama cikin leda shara-shara a kantar ƙasa har a tashi aiki. Kowa ya san Manaja ne. Kowa kuma ya sunkuyar da kai yana neman allurar da ba ta faɗi ba.

Sai a lokacin na ji ƙirjina ya yi tam yana zogi. Lokacin tatsa ya wuce tuntuni, gaban rigata ya jiƙe sharkaf gefe biyu. Inna ta cire gyalenta ta miƙo mini a ɓoye. Na girgiza kai. Na ɗauki farantin da hannu biyu, na ratsa tsakiyar kekunan nan a haka, na tura ƙofar ofis da ƙafa, na dire shi a kan teburinsa.

"Ga warin, ranka ya daɗe. Duba ko fari ne."

Ya ja kujera baya, ya dubi farantin, ya ɗago ya dube ni, ya yi saurin kau da kai zuwa bango. Da ƙyar ya ce in je in gyara jikina.

"Zan je. Abin da zan tatso fa, a ina zan sa? Yarinya ce za ta sha gobe."

Na tsaya ina jira, nono yana ɗiga ta cikin riga, ban kare ba. Ni ban san ko minti nawa aka yi ba. Daga ƙarshe ya lalubo wayarsa, ya kira masu ƙarafa ya ce su bar zuwan.

Na ɗauke farantin na wanke shi tas, na zura ruwan ɗumi ta ramin har ya fito garau, na share ƙurar baya, muka mayar da firij da 'yar tazara daga bango na kunna. Inna ta biyo ni har ƙofar sito tana raɗa, wai in koma in ce masa na gode, babba ne, a zauna lafiya.

Na ce Inna, na gode da kula, na gode da gyale. Shi kuma in yana jiran tasa godiyar, ya nemi kujera. Na rufe ƙofa na zauna a kan dilar yadi, na cika kwalba har wuya.