Amawalin Agali

"Ya ƙi," in ji Lawwali. "Sau ukku ina laƙƙana mishi kalma, ya damtse baki. Ko ruwa bai karɓa."

Hajjo ta jingina sandarta a ƙofar zaure, ta tuɓe takalmi. Ita ake kira a Burkusuma in ciwo ya wuce magani. Ba ta ba da saiwa, ba ta yin tofi. Zama take yi da mutum har ya cika. Ta jiƙa masa leɓe, ta gyara masa kwanciya, ta riƙe saƙon da zai bar wa 'ya'yansa. Bagobiri, Bafillace, baƙon kasuwa, duk ta zauna da su.

Wanda ke kwance Agali ne, Buzu daga arewacin Tawa. Damina biyu ke nan ba a yi ruwan kirki ba. Raƙumansa sun ƙare a hanya, ya iso da 'yarsa Fatsuma da butar shayi, Lawwali ya ba su zaure. Wata huɗu suna salla sahu ɗaya, Lawwali bai taɓa ganin bakin mutumin ba. Ko shayi, ta ƙarƙashin amawalin rawaninsa yake kurɓa.

Da hantsi numfashinsa ya sarƙe. Fatsuma ta bi mata zuwa rijiyar da ta rage da ruwa, tafiyar rabin yini. Lawwali ya ga ƙyallen yana shiga bakin Agali duk sanda ya ja iska, tausayi ya kama shi, ya warware rawanin ya ninke a kan buhu. Tun daga nan Agali ya ɗora tafi a bakinsa, bai sake ɗagawa ba.

Yanzu maza biyar ne tsugune a zauren, suna kallo.

"Ni dai na faɗi," in ji Usmanu mai tireda. "Wanda ya ƙi kalma bakin mutuwa, wa za ya sallace shi? Mu ba mu san mi ya baro can arewa ba."

Baƙon Lawwali ne. In maganar nan ta kai masallaci, a bayan gari za a turbuɗe shi ba salla, yarinyar kuma ta dawo ta tarar.

Hajjo ta dubi mara lafiyar sau ɗaya, ta kau da kai da sauri.

"Wa ya tuɓe shi?"

"Tuɓewa kuma, Inna? Rawani dai na ɗebe mishi, shi samu iska."

"Kai Lawwali, in anka tuɓe maka wando tsakar kasuwar Sabon Birni, anka ce yi salati, mi za ka fara yi?"

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

"A garin Madawa na girma, cikin Buzaye," ta ce. "Namijinsu bai buɗe baki gaban mutane, ko surukinai bai gani. Kunya ta ka kashe shi tun ajali bai zo ba. Ku tashi ku ba mu wuri. Usmanu, kai tsaya bakin ƙohwa, kunnenka nika so, ba idonka ba. Lawwali, miƙo rawanin, ka juya ga bango."

Lawwali ya miƙa, ya juya. Yana kallon tsagar bango yana jin motsin ƙyalle. Da ya saci kallo, ya ga ita ma fuskarta na gefe, da lalube take naɗin. Ta ja amawalin ya hau karan hanci, ta sassauta shi kaɗan daga ƙasa.

Hannun Agali ya sauka kan tabarma.

Ta ɗebi ruwa a ludayi, ta zura ta ƙarƙashin ƙyallen. Lawwali ya ji maƙogwaro ya motsa, sau biyu. Ba ta ce masa ya faɗi komai ba. Ita ta riƙa faɗin kalmar a hankali, kamar mai yi wa kanta. A ta huɗu wata murya ta biyo ta daga cikin ƙyalle, a dishe, amma kowane harafi ya fita.

"Usmanu, ka jiya?" in ji Hajjo.

"Na jiya, Inna."

"To tahi ka faɗi inda ka faɗi waccan."

Agali ya cika kafin azahar. Lawwali ya yi masa wanka da ƙyalle a kan fuska, yadda Hajjo ta ce. Sahu uku aka yi.

Da la'asar Fatsuma ta shigo da tulu a ka. Ta ga tabarma a naɗe. Ta sauke tulun a hankali, kada ruwan ya zube, sannan ta dubi Hajjo, ta shafi bakinta da yatsu.

"A ruhe, ɗiyata," in ji Hajjo. "A ruhe ya tahi."

Lawwali ya zauna a dakali. Ya yi alwala sau biyu tun safe, amma shunin rawanin yana nan a yatsunsa.