Ranar da Wayar Christina Ta Shiga

Tun da Zulkifilu ya ce wannan karon ba a cikin gari za su yi aiki ba, jikina ya ba ni akwai abin da ke tafe. Na tsaya da tiyo a hannu har ruwa ya kwanta a gindin fulawar Ogan da nake wa aikin lambu a Maitama.

Zulkifilu ne ɗana na fari. Aikinsa hawa ƙarfen sabis, ya kwance tsofaffin na'urori ya ɗaura sababbi. Uwarsa Turai ta ce ni na koya masa. Lokacin da na sayi wayata ta farko muna Gwagwalada, sabis ba ya shiga ɗakinmu. Sai in fito waje in saɓa shi a wuya, ya ɗaga wayar sama yana cewa, "Baba, sanda biyu, kar ka motsa." A haka muke jin muryar kakarsa daga Funtuwa, tana yankewa tana dawowa. Da ya girma ya ce min wannan sunanta 2G.

Zamanin 3G yana makaranta, hotuna yake turo min. Da 4G ta zo ya riga ya fara aiki. Wata rana ya kira ni ta bidiyo daga can ƙololuwa, rufin gidajen Gwarinpa a ƙarƙashin ƙafarsa kamar akwatunan ashana.

"Baba, ka ga gari?"

"Riƙe ƙarfen nan da hannu biyu, don girman Allah."

"To wayar fa? Da haƙori?"

Na katse kiran. Yau ina ma na bari ya gama dariyarsa.

Ranar tafiyar ya tsugunna a gabana. "Baba, wani ƙauye ne bayan Kwali. Nan Maitama ana maganar 5G, su har yau 2G suke lallaɓawa. Sai mun kashe sabis ɗin gaba ɗaya kafin mu ɗaura musu sabo. In ka kira ba ta shiga ba, ni ne na kashe." Ya sa min lambar Christina, mai sayar da abinci a gindin ƙarfen. "Ranar da wayarta ta shiga, mun gama."

Na dinga kiran lambobin biyu, tasa da ta Christina, bayan asuba, da lokacin hutu, da cikin motar haya.

"Malam, matar mutane ce fa," in ji Turai. "Ranar da ta shiga, mijinta ne zai ɗauka." Amma ita ma kunnenta na jikin wayar.

Jiya da hantsi wayar Christina ta shiga. Murya tangaran, har ina jin cokali yana bugun tukunya.

"Ni ne baban Zulkifilu."

"Ah, Baba, sannu. Yaronka ya yi mana aiki, sai yau aka kunna sabis ɗin, yanzu ina ganin jikana a waya. Sun tafi tun shekaranjiya, shi da Nathan direba. Ruwa ya cinye gada, sun ce za su bi ta daji."

Na yi mata godiya, na kira tasa. A kashe. Na kira ogansu, ya ce in yi haƙuri, suna bincike.

Da yamma Turai ta gan ni a tsakar gida na ɗaga wayar sama da kaina, alhali sandunan sabis a cike suke. 

Ban sani ba ko cajinsa ne ya ƙare, ko dajin ne babu sabis. Har yanzu babu wanda ya faɗa min inda motarsu ta tsaya.