Baba Ne Ya Fara Ganinsa

Ƙanwata, autar gidanmu, ta je ta ɗauko wa kanta soyayya daga ƙasar da ko a taswira sai na sa gilashi nake gano ta. A wani ajin koyon harshe na intanet suka haɗu. Ita tana aiki a kantin magani, shi kuma sana'arsa haɗa lif, ɗakin ƙarfen nan mai hawa da mutane saman bene. Daga gyara wa juna aikin aji aka koma tambayar an ci abinci ko ba a ci ba, kafin mu farga har ya san kyanwar gidanmu ta haihu. Mu a gida Mai Lif muke ce masa. Babanmu kuwa bai taɓa kiransa da komai ba sai "mutumin cikin waya".

Baba tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara da shekaru yana tsallaka iyakoki da kaya har gwiwarsa ta ce ya isa haka. Ba shi da faɗa, amma idan ya kafe a kan magana, gara ka tura motar tasa da hannu. Ya ce shi bai ƙi yaron ba, sai dai waya daga ƙirji zuwa sama take nuna mutum, shi kuwa ko taya bai taɓa saya ba sai ya zagaya ta. Ba zai ba da 'yarsa ba sai ya ga mutumin a tsaye da ƙafafunsa.

Nan fa gidanmu ya koma makarantar biza, Auta ce malama. Ta yi mana bayani har muka haddace. Akwai ta masu shirin aure, amma sai kun kawo shaidar kun taɓa haɗuwa ido da ido. Akwai ta ma'aurata, amma ƙasarsu ba ta karɓar auren da aka ɗaura ango yana wata duniya. Sai ta ziyara ta rage. Mai Lif ya nemi ta ƙasarmu har sau biyu ana hana shi, wai bai gamsar da su cewa zai koma gida ba. Mutumin da in ya yi jinkirin tashi daga aiki mahaifiyarsa ke kiransa ta ji ko lafiya.

Da hanyarsa ta toshe sai Auta ta nemi ta ƙasarsu, ni kuma aka haɗa da ni a matsayin 'yar rakiya. Baba bai hana mu ba, ya dai ce ko ta fito babu mai hawa jirgi sai ya ga abin da ya ce zai gani. Na ce wa Auta ashe wahalar banza za mu yi, ta ce a dai fara samu tukuna.

Ofishin karɓar takardun yana hawa na biyu na wani bene mai sanyin na'ura kamar cikin firji. Mai gadi ya karɓe mana wayoyi, muka ciri lamba, muka zauna a kujerun ƙarfen nan da aka manne da juna, in na gefenka ya motsa kai ma sai ka motsa. Muka dangwala yatsu, aka ɗauke mu hoto ba murmushi, aka karɓe fasfo ɗinmu aka ce za a neme mu. Watanni suka yi ta wucewa ba wanda ya neme mu.

Sai ga labari wata safiya. Kamfanin su Mai Lif zai tura shi maƙwabciyar ƙasarmu, ya yi mako guda yana haɗa lif a wani sabon asibiti. Ƙasar nan ba ma buƙatar biza mu shige ta, fasfo kawai ake nunawa a kan iyaka. Fasfo ɗin namu kuwa suna can a kulle a durowar wasu.

Muka garzaya ofishin. Matar da ke bayan gilashi tana da kirki, ta saurare mu har ƙarshe. Ta ce muna iya karɓar abinmu a yau, amma da zarar ya fita daga hannunsu an rufe neman namu ke nan, sai mu dawo mu kama layi daga baya. Ta rage murya ta ƙara da cewa ita dai a ganinta takardunmu sun yi nisa.

A kan matattakalar benen Auta ta tsaya ta ce min za ta koma ta karɓa. Na hau ta da faɗa, na lissafa mata watannin da za ta zubar, na ce ko ta je ta gan shi me zai canja, tunda ba idonta Baba yake jira ba.

"Yaya, tafiyar mota ce fa kawai tsakaninmu," in ji ta. "In ya koma ban san yaushe zai sake matsowa haka ba."

Tausayinta ya kama ni sosai, don ban taɓa ganin ta rame a idona ba sai a ranar. Da ƙyar na lallashe ta muka tafi gida a kan za ta yanke shawara washegari.

Mun tarar da Baba a baranda yana shafa wa gwiwarsa man zafi. Ni na kwashe labarin na faɗa, don ita ta kasa. Tambaya biyu kawai ya yi, wane gari ne, kuma wane asibiti. Can ya ɗaga murya ya tambayi Mama inda ta ajiye masa tsohuwar jakarsa ta tafiya. Ashe fasfonsa na aikin tuƙi da sauran 'yan watanni a kansa. Mama ta ce da wace gwiwar zai yi wannan tafiya, ya ce ai ba da gwiwa ake zama a mota ba. Ya kuma ja wa Auta kunne kada ta kuskura ta sanar da mutumin cewa yana tafe.

Maimakon murna, tsoro ne ya kama mu. Mun san Baba. Idan ya je ya dawo ya ce a'a, to ko biza goma aka buga mana an gama magana. Washegari ya kama hanya, Auta kuwa ta dakata da maganar karɓo fasfo.

Abin da ya faru a can, gutsi-gutsi muka ji shi daga baya. Baba ya isa da hantsi, bai nemi kowa ba, ya sami tarin bulo a gefen ginin ya zauna yana kallo. Ya gane mutuminsa tun daga nesa. Yana zaune wani dattijon lebura ya saki ƙusa ta faɗa cikin ramin lif. Mai Lif bai yi tsawa ba, ya tsayar da aikin, ya kashe wuta, ya sauka da kansa da tocila, bai fito ba sai da ƙusar a hannunsa. Ya miƙa wa dattijon abarsa suka ci gaba.

Da aka tashi hutun rana Baba ya ɗingisa ya je gaban Mai Lif, da guntun yaren da ya tsinta a aikin tuƙi ya ce shi ne uban Auta. Bawan Allah ya cire hular kwano, ya mayar, ya sake cirewa. Gaisuwar da ya yi wata da watanni yana haddacewa a harshenmu ta tsere masa gaba ɗaya, sai durƙusawa da ya yi a cikin ƙurar siminti. Baba ya tambaye shi ko akwai lif ɗin da ya gama aka gwada, ya ce akwai ɗaya. Baba, wanda ko asibiti muka kai shi gara ya ja gwiwa a matattakala da ya shiga abin nan, ya ce to su shiga ya kai shi sama.

Mu duk ba mu san wannan ba. Ni na kasa zama a wurin aikina, na tafi kantin su Auta na zauna a kan kwalin ruwan drif ina kallonta tana ba mutane magani. Wayarta ta yi ƙara, kiran bidiyo ne daga lambar Mai Lif. Ta ɗaga, sai ga hancin Baba ya cika fuskar wayar, bayansa sararin sama da rufin gidaje.

"Auta, kina jina? To ga ni a saman bene tare da mutumin naki. Bai kai tsawon da yake nunawa a waya ba, kaɗan ya fi ki. Kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya, ko ba komai a maƙogwaronsa. Kuma in yana tafiya kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, jakar kayan aiki ce ta yi masa haka."

Auta ta dafe kanta. Duk hirar da suka shekara suna yi, ba ta san wannan na ƙarshen ba. Ta ce, "Baba, to yaya?"

Baba ya ce ta bar fasfonta inda yake, kada ta taɓa shi. Ranar da biza ta fito, shi da kansa zai tuƙa mu zuwa filin jirgi.

Kuka ya ƙwace mata, ni ma ban san lokacin da nawa ya zubo ba. Wata mata da ke tsaye da takardar likita a hannu ta ce mu yi a hankali, ita ba sauri take yi ba. Auta ta goge ido da bayan hannu, ta matso da wayar.

"Baba, wace kafaɗar ce? Ta dama ko ta hagu?"

Baba ya juya ya ƙare wa Mai Lif kallo daga sama har ƙasa, muna jiyo gyaran muryarsa daga gefe. Sannan ya dawo da fuskarsa.

"Wannan na bar miki," in ji shi. "Ki je ki gani da idonki."